Sun San Lambar Jirgi, Ba Su San Sunan Gwaggo Ba

Ya jama'ar Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu, da 'yan'uwanmu waɗanda wannan yaƙi ya watsa zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan da bayan iyaka. Allah ya mai da kowa ɗakinsa lafiya.

Makonni ke nan wani hoto yana zagaya Facebook, kuma da yawa daga cikinku sun turo mana shi, wasu har da alamar zuciya da ta hawaye. Jirgin fasinja ne tsaye a tashar Hasahisa, rana ta doki gefen taragai, a gabansa wata tsohuwa da faranti a ka, hannu ɗaya riƙe da bakin farantin, ɗayan ya kama gefen mayafi. A ƙarƙashin hoton an rubuta da Larabci irin jirgin, da ƙasar da aka ƙera shi, da lambar da ke goshinsa, da rana da sa'a, har da irin kyamarar da aka yi aikin da ita. Sa'an nan aka cika da kalmomi uku: wata Fallatiyya mai talla. Iyakar rabonta ke nan a cikin layi biyar na bayani.

Mun san wannan tsohuwa, mun san ƙofar ɗakinta, kuma muna cikin jirgin nan a ranar da aka ɗauki hoton. Saboda haka muka ga yin shiru ya zama cin amana. Maganarmu guda ce, za mu kuwa faɗe ta tun daga farko. Hoton da aka ba ƙarfe suna da nasaba a cikinsa, aka bar ɗan Adam da laƙabin ƙabila, shaidar zur ce a kanmu komai kyansa. Mu da muke tura shi muna yabawa kuwa, mun sa hannu a wannan shaida.

Ga yadda abin ya faru. A shekarun da jirgin fasinja ya dawo aiki tsakanin Khartum da Wad Madani, kafin yaƙi, mun raka maigida, dattijon da muke riƙe wa takardu, zuwa wani ofishi a Khartum. Jaka muka ɗauka cike da takardun mutanenmu waɗanda aka tsai da maganar lambarsu ta ɗan ƙasa, aka ce sai sun kawo shaidar cewa a nan kakanninsu suka zauna. Kwana uku muna zarya, muka juyo da jakar kamar yadda muka je da ita. A tasha muka tarar wata ƙungiya ta masu sha'awar jirgin ƙasa da ɗaukar hoto ta kama tarago guda don yawon shan iska, zuwa Madani da dawowa. Samari ne da 'yan mata masu ladabi, kowa da kyamara rataye a wuya, taragonsu yana maƙwabtaka da namu. Duk inda jirgi ya tsaya, ko Kamlin ko Abu Ushar, sai su dira ƙasa da gudu, wannan ya durƙusa, wancan ya kwanta rub da ciki a gefen dogo don ya samo kan jirgi daga ƙasa, wani kuma yana rubuta lambobi a ɗan littafi.

Da muka bar Hasahisa ɗaya daga cikinsu ya shigo taragonmu, ya gai da maigida cikin girmamawa, ya zauna yana nuna masa abin da ya ɗauka. Yaro ne mai sani. Ya san faɗin dogo, ya san shekarar da aka shimfiɗa shi, ya san bambancin wannan jirgi da na Adbara. Maigida ya saurare shi har ya ƙare, sa'an nan ya ce masa da Larabci: "Ɗana, wannan matar da ka ɗauka, ka gaishe ta?" Yaro ya yi murmushi ya ce: "Ya Hajj, ai ba ita na ɗauka ba, jirgin na ɗauka. Ita ta cika hoton ne kawai." Maigida bai ƙara ce masa komai ba, ya sa masa albarka ya sallame shi. Sai da muka hango bishiyoyin Madani ya juyo ya ce da Hausa: "Malam, rubuta maganar yaron nan. Ita ce aka faɗa mana a ofishin can, lafazi ne kawai ya bambanta."

Mun rubuta, ga shi yau ta yi rana.

Kada wani ya ɗauka muna ƙin masu son jirgi ne. Sha'awa ce tsohuwa a duniya, tana da ƙarfi a Ingila da Jamus da wasu ƙasashe, inda mutane kan haɗa kuɗi su yi hayar tsohon jirgi mai tururi, su tsai da shi a daji su sauka, a mai da shi baya, ya sake tahowa yana aman hayaƙi don su ɗauke shi. Dattawan Sinnar da Kosti sun ga irinsu, Turawa da kyamarori suna bin injinan tururi a shekarun 1980, lokacin da yunwar da ta soma a 1984 ta sa aka tada tsofaffin injinan don kai hatsi yamma. Albarkacin wannan naci nasu aka adana abubuwa da yawa da hukuma ta yi sakaci da su. Abin da muke tuhumarsu da shi shi ne, wannan tsantseni nasu ya tsaya a kan ƙarfe. Ba za su yarda a rubuta lambar inji da kuskuren harafi ɗaya ba, sai sun yi ca a kan mai kuskuren, amma a kira mutum da sunan da ba shi ya raɗa wa kansa ba, babu mai ɗaga kai.

Mu da muka zauna gaban malamai mun san darajar isnadi. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta, da wanda ya ji daga gare shi, da garinsa, da shekarar rasuwarsa, da ko sun taɓa haɗuwa da wanda yake ruwaitowa daga wurinsa. Ilimi guda suka kafa don sanin mutanen riwaya, kuma ruwayar wanda ba a san shi ba, majahuli, ba ta zama hujja. To, waɗannan samari sun yi wa jirgi isnadi ingantacce tun daga masana'anta har tashar Hasahisa, sun mai da Gwaggo majahula a ƙasar da aka binne cibiyarta. Wanda aka mai da shi majahuli kuwa, ba a karɓar shaidarsa, ko a littafi ko a ofis.

Bari mu yi wa hoton nan isnadin da aka hana shi. Tunda lissafin shekaru suke so, mu yi lissafi.

An kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar, Fulani da Hausawa, suka yi gabas, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906, kuma garin da suka kafa yana ɗauke da sunansa har yau. Ba su ne na farko ba ma, domin sun tarar da 'yan'uwa a Shehu Talha, kuma Takarir sun daɗe da zama a Gallabat tun kafin zamanin Mahadi. Shi kuwa dogo, sai a 1899 ya iso bakin Khartum daga Wadi Halfa, a bayan rundunar Kitchener. Ya kai Wad Madani da Sinnar tsakanin 1909 da 1910. Wato mutanen Mai Wurno sun riga jirgin ƙasa shan ruwan Sinnar. Sun gina masallaci sun buɗe makarantar allo kafin a ji kukan jirgi a wannan yanki. Amma yau jirgi shi ne kayan gadon ƙasa, ana yi masa waƙa ana kuka da tsatsarsa, mu kuwa ana tambayarmu yaushe muka zo.

Dokar jinsiyya ta 1957 ta ɗauki ranar 31 ga Disamba 1897 ta zama ma'auni: ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a nan tun wannan rana. An sassauta ma'aunin daga baya, amma tabon da ya bari bai goge ba. Da za a auna dogon Jazira da wannan ma'auni, da shi ma baƙo ne, domin a ƙarshen 1897 yana can arewa wajen Abu Hamad, bai ko hango Khartum ba. Ba mu taɓa jin an ce wa jirgi ya kawo shaidu ba.

Akwai wani abu kuma da masu lissafin faɗin dogo suka sani amma ba su tsaya sun yi tunani a kansa ba. Faɗin dogon Sudan ƙafa 3 da inci 6 ne, daidai da tsohon dogon Nijeriya, domin hannu ɗaya ne ya shimfiɗa su. Jirgi ya isa Kano a 1911, ya isa Ubayyid kusan lokaci guda. Daga baya na can ya miƙa har Maiduguri a 1964, na nan ya miƙa har Nyala a 1959. Tsakaninsu kuwa ba a taɓa haɗawa ba. Wannan giɓi ƙafafun iyayenmu ne suka cike shi, ta Barno da Fort Lamy da Abeshe da Adre da Jinaina da Fashir da Nuhud, a ƙasa da kan jaki, daga baya a bayan manyan motoci. Mutum kan bar Kano ko Katsina ko Damagaram da niyyar Hajji yana saurayi, ya yi noma a nan, ya yi ɗinki a can, ya binne mata a wani gari, ya haifi 'ya'ya a wani, kafin ya ga dogo a Ubayyid. A nan zai nemi kuɗin tikiti. Jirgi ya ɗauke shi ya ƙetare gadar Kosti zuwa Sinnar, daga nan ya yi arewa ta Khartum da Adbara zuwa bakin teku, ko kuma, bayan 1929, ya bi ta Gadarif da Kasala, har Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ga ɗan yawon shan iska, jirgi abin kallo ne na wuni ɗaya. Ga kakanninmu shi ne zangon ƙarshe na ibadar da ta ci rabin rayuwa.

Kuɗin tikitin nan kuwa a ina aka same shi? A madatsar ruwa ta Sinnar, wadda aka gama a 1925, mai tsawon fiye da kilomita 3, inda mutanen yamma suke cikin masu ɗaukar dutse da ƙasa. A gonakin auduga na Jazira, waɗanda tare da Manaƙil suka kai kimanin fadan miliyan 2. Wa ya yi shema, wa ya share tur'a, wa ya sunkuya yana cirar auduga daga sanyin asuba har rana ta take? A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi wasu masu hawasha suka yi watsi da ita, mutanenmu suna cikin waɗanda suka riƙe gonakin. Audugar nan ce ake lodawa a ƙaramin jirgin Jazira mai faɗin ƙafa 2, ya kai ta injinan gurza na Maringan da Hasahisa, babban jirgi ya kwashe ta zuwa Bur Sudan, ta ƙetare teku zuwa masaƙun Ingila. Da kuɗinta aka riƙe baitulmalin ƙasar nan shekaru masu yawa. Ƙaramin jirgin ya mutu, bayan dokar Jazira ta 2005 aka tumɓuke dogonsa aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe, kuma masu sha'awar jirgi suna makokinsa da gaskiyarsu. To, masu cirar audugar da yake ɗauka fa? Jikokinsu da yawa suna nan a kanabi, a gefen tur'a, ba su da takardar filin da suke kwana a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwaggo 'yar wannan tarihi ce. Kakanta ya zo da ƙafa. Mahaifinta ma'aikacin darisa ne, cikin masu gyaran dogo da ke kwana a ɗakunan gefen layi, suna bin ƙarfe da guduma suna duba kowace ƙusa, don jirgi ya wuce lafiya da mutanen da ba su san da su ba. Ita kuma da ƙosai da gyaɗa da godo-godo ta aurar da 'ya'ya ta biya wa jikoki kuɗin makaranta. Da yaƙi ya shigo Jazira a Disamban 2023 ta fita da kayan jikinta, kamar dubban mutane. A gudun hijira Allah ya karɓi abinsa. Akwatin takardun gidan bai tsira ba. Jikanta ne ya fara ganin hoton a waya, ya kira mu yana kuka, yana cewa: "Kawu, wallahi ita ce, ba mu da wani hotonta a duniya sai wannan." Ya rubuta wa mai hoton, shi kuwa ya yi halin kirki, ya aiko masa da shi ba tare da jan rai ba, har da ta'aziyya. Allah ya saka masa. Amma da aka tambaye shi ko ya tuna wani abu da ta ce, ko ya ji sunanta, sai ya ce abin da ke cikin littafinsa na ranar shi ne lambar jirgi da lokacin tashi.

Mun san za a yi mana raddi, kuma mun ji wasu daga ciki tun kafin mu ɗauki alƙalami.

Za a ce ai Fallata ba zagi ba ne, haka ake kiranmu. Gaskiya ne akwai waɗanda sunan nasu ne kuma suna alfahari da shi, kuma 'yan'uwanmu ne na jini da addini da hijira. Amma kowa a ƙasar nan ya san yadda ake furta kalmar idan ana so a ce wa mutum ba ɗan nan ba ne, a tattara Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a buhu ɗaya a ɗaure bakinsa. Ku karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton Gwaggo kafin ku musa mana. Tsakanin masu cewa Allah ya dawo da kwanakin Jazira, akwai masu tambaya yaushe waɗannan za su koma ƙasarsu. Ba mu manta da Oktoban 2008 ba, lokacin da wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa na wancan zamani maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, fadarsa ta musanta, amma sai da jama'a suka fito kan titi a Gadarif da Kasala da Bur Sudan. Ba mu manta da Yulin 2022 a Rusairis da kewayenta ba, inda aka rasa rayuka fiye da 100, namu da na maƙwabtanmu, a rikicin da tushensa shi ne wa ke da ƙasa, wa ke baƙo. Allah ya jiƙan kowa. A ƙasar da wannan tambaya take zubar da jini, rubutun ƙarƙashin hoto ba wasa ba ne.

Za a ce mai hoto ba alƙali ba ne, ba zai tsaya yana tambayar kowa sunansa ba, jirgi ba ya jira. Mun gani da idonmu, jirgi ya jira su har suka canza gilashin kyamara sau biyu. Wanda ya sami lokacin kwanciya a gefen dogo bai rasa lokacin sallama ba. Addininmu ya hana shiga gidan mutum ba izini, ya hana leƙen asirinsa. Fuskar mace mai neman halaliyarta ba ta fi ƙofar gida arha ba. In ta yarda, a tambayi sunanta a rubuta. In ta ƙi, a sauke kyamara, jirgi yana nan ba zai ƙi ba.

Za a ce, kuma wannan ita ce magana mai nauyi, ambaton suna a wannan zamani hatsari ne. Haka ne. Mun ji abin da ya sami wasu kanabi na Jazira a farkon 2025, inda zargi kawai ya isa a hallaka mutane. Ba mu ce a baza sunayen mutane da garuruwansu a intanet ba. Rubuta suna daban, yaɗa shi daban. Ku lura, mu ma ba mu faɗi sunan Gwaggo a nan ba, domin iyalinta ba su ba mu izini ba tukuna. Amma sunan yana rubuce a littafin maigida, da na mahaifinta, da na kakanta, da garin da ya baro. Ranar da aka buƙace shi za a same shi. Wanda bai tambaya ba tun farko, ba shi da abin ɓoyewa, ba shi da abin fitarwa.

Za a ce mutane suna fama da yunwa da gudun hijira, ku kuna maganar hoto. To, ranar da aka koma gida, tambayar farko da za a yi a kan kowane fili da kowane kango ita ce: na wane ne, wa ya sani? Takardu sun ƙone, dattawan da suka san iyakoki suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a garuruwan mutane. A wannan rana hoto mai suna da kwanan wata, wanda ya nuna mutum a ƙofar gidansa ko a tashar garinsu, zai yi magana a inda bakinmu ba ya kaiwa.

Yanzu kuma mu juyo gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Laifin baƙo kaɗan ne a kan namu. Shekara nawa muna korar mai kyamara daga taronmu da sunan tsoron Allah? Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, kuma muna girmama wanda ya ɗauki tsanani don kansa. Amma kowane alhaji a cikinmu da hoto a fasfonsa ya tsaya Arfa. In lalura ta halatta hoto don a ƙetare teku, tabbatar da cewa uban mutum ya rayu a ƙasar nan ba ƙaramar lalura ba ce. Akwatuna nawa muka buɗe bayan rasuwar dattijo muka tarar gara ta cinye tikitin jirgi na Sawakin, da takardar allurar alhazai, da rasiɗin hawasha, da katin aikin darisa? Mun riƙe su a matsayin tarkace, alhali su ne shaidun da ake ce mana mu kawo.

Samarinmu kuma, kowa da waya a hannu, sun fi kowace al'umma da ta gabace su yawan hoto, sun fi ta ƙarancin bayani. Mun ga naku hotunan na wancan jirgi: fuska a gaba, tarago a baya, yatsu biyu a sama, babu rana babu wuri. Mun kuma ga wanda yake hira da mahaifiyarsa da Hausa a waya, da 'yan taragon can suka matso sai ya sauke murya ya juya harshe. Ba mu zarge shi ba, mun san abin da ya koya masa haka. Amma wanda ya ɓoye harshensa a cikin jirgi, kada ya yi mamaki in an ɓoye sunan kakarsa a ƙarƙashin hotonsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mu kuwa mun bar wa wasu tamu, sa'an nan muna fushi da yadda suka rera ta.

Saboda haka ga abin da maigida ya umarce mu mu isar, kuma mu ma shi ne ra'ayinmu. Duk wanda yake da tsohon hoto ko tsohuwar takarda da ta shafi tafiya ko aiki ko gona, ya ɗauke ta da waya yau, kada ya jira gobe. Ya rubuta abu biyar a tare da ita: sunan mutum, sunan mahaifinsa, garinsa, wurin da aka ɗauka, da shekara gwargwadon abin da aka tabbatar. Abin da ba a tabbatar ba kada a ƙaga shi, domin ƙarya ɗaya tana rushe shaida ɗari. A ajiye a wuri uku, hannun mutum uku, gari uku, tunda mun ga yadda gida ɗaya yake tafiya a dare ɗaya. Duk wanda yake zaune da tsoho ko tsohuwa a inda hijira ta kai shi, ya kunna waya ya tambaye su: a wace tasha kuka fara ganin jirgi, wa ya biya tikiti, a wace gona kuka yi cira, wa aka binne a hanya? Kada a sa fuskar kowa a Facebook sai da izininsa, ko na magadansa in ya rasu.

Ga masu sha'awar jirgi kuma, 'ya'yanmu ne ku, ƙasa ɗaya ta haife mu. Ku koma cikin dubban hotunan da kuka tara kafin yaƙi. A gefen kowane inji akwai mai shayi, da ɗan dako, da mai agashe, da yaro mai tallan ruwa. Da yawa daga cikinsu ba su da rai yau, kuma wataƙila abin da ke hannunku shi ne kaɗai ya rage na kamanninsu. Amana ce Allah ya ɗora muku ba ku nema ba. Ku nemi iyalansu ta hannun dattawan kowane gari, ku mai da musu. Wanda ya iya gano shekarar da aka ƙera inji daga lambar jikinsa ba zai gaza gano sunan mai talla a tashar Hasahisa ba, in ya ga abin ya kai a nema.

Idan Allah ya kawo zaman lafiya, jirgi ya sake kuka tsakanin Madani da Sinnar, muna da niyyar mu ma mu kama namu taragon. Za mu sa dattawanmu a kujerun taga, maza da mata, jikoki su riƙe kyamara da littafi. Za mu wuce Barakat da Haj Abdalla da Wad Haddad, mu sauka a Sinnar Taƙaɗu inda layuka suka rabu, mu taka zuwa kan madatsar ruwa, kowane tsoho ya nuna inda ubansa ya yi aiki, a ɗauke shi a wurin, a rubuta sunansa kafin a rubuta lambar jirgi. Ƙofar taragon a buɗe take ga samarin can, su zo da kyamarorinsu, sharaɗi ɗaya ne, su fara da sallama.

Kafin wannan rana, muna roƙon duk wanda hoton Gwaggo ya iso wayarsa, kada ya tura shi gaba da rubutun da ke ƙarƙashinsa. Ya tsaya ya yi mata addu'a. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan mahaifinta mai gyaran dogo, da kakanta da ya zo da ƙafa, da dukkan waɗanda suka kwanta a hanya tsakanin Burmi da bakin teku. Allah ya kashe wutar wannan fitina, ya haɗa kan mutanen Sudan baki ɗaya.